Geron Ubana a Gonar Masu Korar Sarki

Ba zan ɓata tawada kan yadda na bar gida ba. Gonar ubanmu a gabas da Tsanyawa ba ta isar mu biyar, ni ne na huɗu, sai na bi ayarin wani madugu zuwa arewa ina ɗaure masa kayan fata da turkuɗi. Sunana Tanko. Karatuna bai wuce izu biyu ba, rubutuna kuwa tonon kaza ne, wanda ya ga kuskure ya gyara wa kansa. 'Ya'yan 'yan'uwana ne suka dame ni da tambaya, wai da gaske ne na zauna da mutanen da suka kori sarkinsu. Da gaske ne. Ga yadda aka yi.

Abu ɗaya na ɗauka daga gida wanda ya shiga labarin nan. Ubana ya sauko da zangarniyar gero bakwai daga rufin ɗakinsa, irin waɗanda ake zaɓa a rataye saboda iri, ya murje su, ya cuɗa da toka, ya ɗinke a cikin guru ya ɗaura mini a ƙugu. Ya ce in na sami ƙasa in shuka, in ban samu ba in dawo masa da abinsa. Duk wanda ya ga gurun nan a hanya sai ya ɗauka asiri ne. Shi ya sa aka raba ni da rigata, da wuƙata, har da 'yancina, amma ba wanda ya yarda ya taɓa shi.

Agadas da Gat ba su da labari sai ƙishirwa da faso. A Gadamas aka cuce ni. Madugu ya kai ni gidan wani attajiri, ya ce, "Zauna nan gidan abokina, Tanko, in je in dawo." Kwana uku ina zaune ina jiransa kamar wawa. Rana ta huɗu maigidan ya sa aka faɗa mini ayari ya tashi, ni kuwa ina cikin kayan da aka sayar. Na ce ni ɗa ne, ubana ɗa ne, ina salla. Na karanta masa Fatiha da Ƙulhuwallahu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce karatun ya yi daɗi, ya miƙo mini salka ya nuna mini hanyar ruwa.

Na fi shekara ina ɗibar ruwa a garin nan, ban ga ɗigon ruwan sama ba ko sau ɗaya. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a gaba. Can na koyi Larabcin kasuwa, gurgu ne amma yana kai ni inda za ni. Wata tsohuwa 'yar Barno da ke yi wa gidan girki, Iya Falmata, ita ke ɓoye mini ƙanzo, ita ce kuma ta fara kawo mini zancen. Ta ce fatake na cewa can bakin teku akwai Nasara, Faransawa, sun ci ƙasar Aljaza'ir. Wai a babban birninsu talakawa sun tashi sun kori sarki, masu sabon mulki sun yi shela babu sauran bawa a duk ƙasar da ke hannunsu.

Na ce, "Iya, wa suka naɗa a madadinsa?"

Ta ce, "Wai ba kowa."

"To ƙarya ce. Ko a wurinmu da malamai suka kawar da sarakunan dā, ubana yana yaro, ai sarki suka sake ɗorawa."

Ta ce, "Ni ƙafata ta mutu, ɗan nan. Kai taka da rai. Je ka gano mana ƙaryar."

Da maigidan ya haɗa ni da ayarin dabino zuwa arewa, na yi haƙuri har muka bar rairayi muka shiga ƙasar duwatsu. Wata rana da azahar an sauke raƙuma kowa na neman inuwa, na ɗauki salka kamar za ni rijiya, ban tsaya ba. Ban san kwana nawa na yi ina tafiya ba. Sau biyu makiyaya sun ba ni nono, sau ɗaya sun sako mini karnuka.

Inda ƙafa ta kai ni wani ƙauye ne a gindin tsauni, ban taɓa ganin irinsa ba. Bukkokin katako a jere kamar an ja musu zare, rami kewaye da su, ga tuta mai launi uku. Bayan gari kaburbura sababbi, sun kusa yawan bukkokin, annoba ta bi ta kansu kafin zuwana. Gonakinsu kuwa, da a ƙasarmu ne da an kai masu su gaban dattawa. Ƙaya da kututture, ba kunya ko ɗaya, ga kashin shanu zube a ƙofar gida kowa na tsallake shi yana toshe hanci.

Sojoji suka kama ni suka kai ni gaban hafsan da ke mulkin ƙauyen, wani dogo mai jan gashin baki. Tafinta ya juya mini maganarsa. Gaskiya ne, babu bawa a nan. Amma wanda ba shi da takarda ba shi da hanya, ba ya shiga jirgin ruwa, ba ya wuce ƙofar gari. Takardar kuwa ba a ba irina sai ya zauna da mai gona ya yi masa aiki har gonar ta ba da amfani, hafsa ya gani da idonsa. In ba haka ba, a kai ni fasa dutse a hanyar da suke yi. Tafintan ya ƙara mini da tasa, ƙasa-ƙasa, cewa a wurin fasa dutsen nan iyayengiji kan zo su karɓi bayinsu da suka gudu, ba mai tambaya.

Akwai wani mutum tsaye, ya zo karɓar abincin da soja ke raba musu, gajere mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa biyu naɗe da tsumma. Ya dube ni, ya ce da Larabcin da ya fi nawa gurguntaka, "Ka iya noma?"

Na daɗe ban yi dariya ba. Ranar na yi.

Sunansa Jak, matarsa Mari, 'yarsu ɗaya ta rage cikin uku, Luwiz, ba ta fi shekara huɗu ba. Shi ma igiya na wuyansa. Hafsa ya yi shela duk wanda gonarsa ba ta tsaya da amfani ba kafin ƙarshen zafi mai zuwa, za a karɓe ta a ba wani, a yanke masa abinci. Ke nan ni da shi gona ɗaya ce ke riƙe da mu.

Ranar farko na durƙusa a ƙofar bukkarsa na ce, "Maigida." Ya fizgo ni tsaye har ciwon hannunsa ya buɗe.

"Kada ka sake. Don a daina durƙuson nan aka kashe mini ƙane."

"To me zan ce maka?"

"Jak."

"Haka gatsau, kamar ina kiran akuya?"

Mari ta ce daga ciki, "Akuya ta fi shi jin kira."

Masassaƙi ne. Kujeru yake yi wa masu hali a birnin Faris, bai taɓa riƙe fartanya ba sai da ya haye teku. Muna tonon kututture nake tambayarsa, yana ba ni labarin guntu-guntu, inda Larabci ya ƙare hannu ya ƙarasa.

Ya ce abin ba da shi ya fara ba, zamanin kakarsa aka yi na farko. Manya da limamansu ba sa biyan haraji, talaka ke biya, har a kan gishirin miyarsa. Aka yi mummunar shekara, gurasa ta gagari mutane, ana ta cewa masu hannu da shuni sun kulle hatsi suna jiran ya ƙara tsada. Kakarsa na cikin matan da suka taka a ƙasa cikin ruwan sama har fada suna neman gurasa, suka taso sarki a gaba zuwa birni. Daga baya aka sare masa kai. Daga nan sara ya zama sara, har masu saran suka sare juna. Aka yi yaƙe-yaƙe, sarauta ta dawo, aka kori wani aka ɗora wani.

A nasa zamanin kuwa, dankali ya ruɓe a ƙasa, alkama ta ƙi, masu sayen kujera suka daina saye. Mai dukiya kaɗai ake tambaya ra'ayinsa a kan mulki, su ko taruwa su yi magana an hana su. Sai suka tone duwatsun da aka daɓe hanyoyin birni da su, suka gina ganuwa a kowane lungu. Kwana uku sarki ya sulale ya gudu.

Na ce, "Sai kuka ƙoshi."

Ya ce, "Sai muka yi waƙa."

Masu sabon mulki suka buɗe musu aiki, kafin zafi ya yi nisa suka rufe. Suka sake tone duwatsu. Wannan karon sojan da ya harbe su ba na sarki ba ne, na mulkin da suka kafa da hannunsu ne. Nan ƙanensa ya faɗi. Bayan an wanke jini aka yi shela wanda ke son gona da gida da shanu ya zo a kai shi hayin teku.

"Da kiɗa aka raka mu bakin kogi, Tanko, har da limami. Sai da muka sauka na gane shara aka kwashe."

Ni dai na ce Allah Ya kyauta, na ci gaba da aikina. Na sa shi ya bi gida-gida da kwando muna kwashe kashin shanu da tokar murhu, maƙwabta na dariya suna ce masa sarkin juji. Na sa maƙerin soja ya lanƙwasa mini ƙarfe ya yi kama da garma, na ja kunya sambal. Wanda ya ga gonar nan ya san ɗan ƙasar Kano ya taka ta.

Sai hadari ya haɗu, aka yi ruwa, ƙasa ta yi ƙamshi. Shekara biyu rabona da ƙamshin nan. Jak ya fito da buhun irin alkama da soja suka ba shi. Na ce ya mayar. A wurinmu wa ke shuka alkama da damina? Sai ruwa ya ɗauke, a yi ta a lambu. Damina ta gero ce. Na farke bakin guruna.

Akwai wani tsoho Balarabe mai kiwon awaki a gefen tsaunin, Baba Ammar. Ya tsaya a bakin gona ya jingina da sandarsa yana kallona ina saran shuka.

Ya ce, "Baƙo, nan ruwa da sanyi tare suke zuwa. Zafi shi kaɗai yake zuwa, ba ɗigo. Wannan ƙwayar taka ta zafi ce. Ku zuba alkama."

Na ce, "Baba, kai makiyayi ne, bar mana noma."

Ya ce, "Makiyayi na zama da aka karɓe gonata. Ita ce kake tsaye a kai."

Na waiga na dubi Jak. Ya sunkuya yana gyara tsumman hannunsa. Daga baya na ce masa, "Kai da ka kori sarki don ya hana talaka abinci, ga ka a gonar talaka." Ya ce ba a faɗa musu tana da mai ita ba. Na ce yanzu an faɗa maka. Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Ban ji maganar tsohon ba. Na shekara a garin da ba a ruwa, ban san akwai ƙasar da damina ke juyewa ba, kuma ina ganin ba wanda zai koya mini shuka. Abu ɗaya na yi daidai, shi ma ba da wayona ba, hannu ne ya saba. Rabin irin na shuka, na ɗinke rabi na mayar ƙugu. A gidanmu haka ake yi da ruwan fari, ko da malamai sun rantse an shiga damina.

Gero ya fito reras. Maƙwabtan da suka yi dariya suka zo kallo, ni kuwa ina yawo a bakin kunya hannu a baya kamar mai unguwa. Sai sanyi ya sauko daga tsauni, ruwa kuma ya ƙi tsayawa. Geron ya tsaya cak bai kai gwiwa ba, ya yi rawaya, ya yi ja. Wata safiya muka tashi raɓa ta daskare fari fat a kan ganye. Kafin azahar gonar ta kwanta kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Ga alkamar malalatan da suka watsa ta ba kunya ba taki, kore shar. Tamu lokacinta ya wuce, kuma da soja suka rage abinci, niƙe ta muka yi muka cinye.

A cikin sanyin nan Luwiz ta kwanta. Gurasar soja ƙanƙararriya ce kamar dutse, ko an jiƙa ba ta zama a cikinta. Wata safiya da rana ta ɗan leƙo, na zaga bayan bukka na farke gurun don in duba ko danshi ya shiga. Ina ɗaga kai sai ga Jak tsaye.

Ya ce, "Hatsi ne?"

"Iri ne."

"Na ce hatsi ne?"

"Ba a cin sa."

Ya tasa ni gaba har cikin bukka, inda Mari ke zaune da yarinyar a cinya. Ya ce, "Dubi. 'Yarmu na ƙarewa, shi yana kwana da abinci a ƙugu." Ya juyo gare ni, fuskarsa ta yi fari. "Kakata ta ga an rataye mutum a ƙofar shagonsa a kan ɓoye hatsi. Na haye teku don in rabu da irinku, ashe a ɗakina kake."

Na ce, "Wancan ya ɓoye ne don ya sayar muku da tsada. Ni wa zan sayar wa? Kunu ƙwarya ɗaya ne wannan. Ta sha yau, gobe fa? In na shuka shi kuwa..."

"Ka shuka mun gani."

Wannan ta shige ni. Na ce, "Gaskiyarka. Na yi kuskure, ni na kashe maka shekara. Amma saboda kuskure ake ajiye rabi. In aka dafa shi, ba gona, ba takarda, ku a kore ku, ni a mayar da ni salka."

Ya fi ni ƙarfi, da ya so ƙwace shi zai yi. Sai ya ja numfashi ya ce, "A wurinmu in magana ta ƙi, hannu ake ɗagawa a ƙirga. Wa ya ce a dafa?" Ya ɗaga nasa. "Wa ya ce a ajiye?"

Na tsaya ina kallonsa.

"Ɗaga mana. Kai ba mutum ba ne?"

Na ɗaga. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa ƙirga hannuna a kan wata magana ba, ko a gida, don ni na huɗu ne.

Ya ce, "Ɗaya da ɗaya."

Mari ta ce, "Ni fa?"

Jak ya ce, "Ai mata ba sa..."

"Da ake gina ganuwa wa ya ɗebo muku duwatsu a zani? Kakar taka da kake cika mana kunne da ita, hannun wa ta ara ta je fada?"

Ta daɗe tana kallon yarinyar, tana shafa mata kai. Sannan ta ɗaga hannu, a gefena.

Ta ce, "Ubana manomi ne kafin ya zama mai bara a Faris. Shekara ɗaya ya ci irinsa, shi ke nan." Ta dube ni. "In ta mutu, Tanko, ba zan yafe maka ba. Hannun nan ma ba zan yafe masa ba."

Jak ya fita. Bai sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, ko da yarinyar ta kai ba ta iya kuka. Wannan na shaide shi a kai.

Ranar na hau tsauni wurin Baba Ammar. Shi kam na durƙusa masa, bai hana ni ba. Na ce, "Baba, jaki ya zo neman ilimi."

Ya ce, "Jaki da ya ji sanyi ya fi malami."

Na faɗa masa halin da ake ciki. Ya tatsi akuya ya cika mini ƙoƙo, ya ce in zo kowace safiya. Nonon nan ne ya tashi Luwiz. Ya ce in jira sai ɓaure ya yi ganye kamar tafin hannu, sannan in shuka, amma ba ruwan da zai sauko mini. Ya sauko da ni ƙarshen gonar, wurin wani tarin duwatsu da muka ɗauka kabari ne. Ya buga sandarsa a kai.

"Rijiyar ubana. Mu muka cike ta ranar da aka tashe mu."

Na ce, "Me ya sa za ka nuna mana?"

"Ba don su ba. Na gaji da ganin ƙasar nan tsirara. In kun girbe, karan na awakina ne."

Na ce ai haka muke yi da Fulani a gida, su ci kara su bar mana taki. Ya ce ashe ƙasarku akwai masu hankali, kai ne dai aka aiko.

Mun yi kwanaki muna yashe rijiyar. Na zana wa Jak jigo a ƙasa da tsinke: ginshiƙi biyu, doguwar sanda a kai, guga a baki ɗaya, curin laka a ɗaya bakin. Ya duba, ya yi tsaki, ya ɗauko kayan sassaƙarsa da bai buɗe ba tun saukarsu. Abin da ya ƙera ban taɓa ganin jigo irinsa ba, sumul, ba ya gurnani, da ɗan yatsa sai ka ɗaga shi. Har da ado ya yi masa a ka.

Na ce, "Jigo ne ko kujerar attajiri?"

Ya ce, "Yi shiru, manomin sanyi."

Da ɓaure ya yi ganye na rushe kunya na yi fangali kamar na albasa. Ƙwaya uku-uku na riƙa sawa a rami, ina ƙirgawa da yatsa, ni da na saba zubawa da tsunkule. Iri ya tsufa, wasu ramukan ba su amsa ba. Na ciro daga inda ya yi yawa na dasa. Daga asuba zuwa hantsi ni ke jan jigo, daga la'asar Jak, Mari na buɗe wa ruwa hanya da ƙafa. Zafin ƙasar nan ba wasa ba ne, amma gero ya gane shi. Ya yi duhu, ya yi ciki, ya fid da kai, ya wuce tsawon Jak, ko da yake wannan ba abin yabo ba ne. Ranar da ya yi bununi iska ta kaɗo mini ƙamshinsa, na shiga tsakiya na zauna. Ba na son a ga fuskata. Gonar ubana ce sak, saura muryar inna tana kiran a zo a sha fura.

Hafsa ya zo a kan doki, da tafinta da mai riƙe masa littafi. Ya bi gonakin maƙwabta, wasu ya gyaɗa kai, wasu ya ja layi. Ya iso tamu ya tsaya.

"Mene ne wannan? Kara? Na ce amfani. Alkama ko sha'ir."

Jak ya fara bayani, muryarsa na hawa. Na san in ya ci gaba zai kai ga duwatsun Faris, mu duka mu halaka. Na taka masa ƙafa. Hafsa ya miƙa hannu a ba shi littafi.

Mari ta shiga cikin geron. Ta karya zangarniya ɗaya, ta kai murhu ta babbaka ta yi tumu yadda na koya mata, ta murje a tafin hannu, ta hure, ta miƙa masa sama. Kafin ya yanke shawarar karɓa, dokinsa ya riga ya miƙa wuya ya cafke kai biyu yana taunawa. Luwiz na tsaye riƙe da zanin uwarta, bakinta baƙi ƙirin da tumu.

Hafsa ya karɓa ya watsa a baki. Ya tauna, ya daɗe yana taunawa.

"Yana riƙe doki?"

Na ce, "Da mai dokin."

Tafinta ya dube ni, ya juya maganar yadda ya ga dama. Hafsa ya ɗaga kai ya ƙare wa jigon kallo, ya dubi rijiyar, ya rubuta. Sannan ya ce in biyo shi. A ɗakinsa ya ɗauko takarda ya ce, "Suna?"

Na ce, "Tanko ɗan Jatau, mutumin Tsanyawa, ƙasar Kano."

Ya kasa rubuta Tsanyawa, sau uku ina maimaita masa. Ya buga hatimi ya miƙo mini, na karɓa a tsaye.

Na ƙara shekara biyu da su ina haɗa guzuri, alkama da sanyi, gero da zafi. Gab da tafiyata hafsa ya tara ƙauyen ya karanta musu takarda daga Faris. Mutumin da suka zaɓa ya shugabance su ya naɗa kansa sarki, babba ma fiye da wanda suka kora. Wasu suka yi tafi. Jak ya juya ya koma bakin rijiya, na bi shi.

Na ce, "To, Jak. Kun kori uku kun samo na huɗu. Ƙanenka fa?"

Ya saki guga ya cika, ya juye a fangali. Ya nuna Luwiz da haɓa, tana can tana kora awakin Baba Ammar daga bakin shuka.

Ya ce, "Ba duka muka shuka ba."

Na raba iri biyu na bar masa rabi. Takardar ta shigar da ni jirgin ruwa zuwa Tarabulus, ban yarda na sake bi ta Gadamas ba, don haka Iya Falmata ba ta ji amsarta ba, abin na damuna har yau. Na bi ayarin alhazai ta Murzuk da Bilma har gida. Na tarar ubana ya rasu, ni ma an yi mini sadakar arba'in tuntuni. Babban wanmu ya yanka mini gefen gona yana ƙunƙuni. Geron da kuke ci a gidana jikan wancan ne, ya je ya ga teku ya dawo.

Takardar tana nan. Daga nan har Kano ba mai iya karanta ta, limaminmu ya juya ta sama da ƙasa ya ce bai ga sunan Allah a ciki ba. Kowace shekara a cikinta nake ƙunshe rabin iri in soke a rufin ɗaki. Komai na gidan nan ina tara ku in tambaye ku, har matan, kun sani, maƙwabta ma na yi mini dariya a kai. Amma a kan ƙunshin nan ba a ɗaga hannu. Sau ɗaya aka yi, na sha da ƙyar.